Sauran Shan Ruwa

Ni malamar zane ce, kuma ba na son a tambaye ni ko na iya zana mutum. Na iya, yi ne ba na yi. A makarantar 'yan matan da nake koyarwa a Rano, duk ajin da na shiga karon farko sai an sami mai rawar kai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ki zana mu mana." Sai in ce ta zauna tun ban saɓa mata ba. In ɗauko buta da albasa da wani tsohon kwanon sha, in jera su a kan tebur, in ce to, ga abin zanawa nan. Su yi ta zumɓura baki, wai ina daɗin zanen buta. Nakan ce musu duk wadda ta zana buta har na ji kamar in ɗauka in yi alwala, ta zo mu yi maganar mutum. Har yau ba wadda ta zo.

Wannan fanni na jera kayan da ba su da rai a zana su, shi kaɗai mahaifinmu ya yarje mini. Malami ne a Kibiya, mai karantar da littattafai a zaure, Allah ya jiƙansa. Da na ce masa zane zan karanta a kwalejin horon malamai, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ki tsaya a kan marar rai." Na kuwa tsaya. A kwaleji na tarar ashe su ma masu abin, can ƙasashen Turai, sun daɗe suna raina fannin. A wurinsu mai zana sarakuna da yaƙi shi ne gwani, mai zana tulu da kifi kuwa ɗan sahun baya ne. Ko sunan ma ba su daidaita a kai ba: Turawan Ingila suka sa masa suna mai nufin rayuwar da ta tsaya cik, Faransawa suka ce a'a, matacciyar halitta ce. Na haddace wannan na ci jarrabawa da shi, ban kuma ɗauka akwai wani abin tsoro a zanen buta ba sai da yayata ta kira ni in je garin Kahu.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. A Kahu aka yi mata aure tun ina firamare. Mijinta manomi ne, na gyaɗa da dawa, mutum marar hayaniya, irin wanda in yana gida sai ka leƙa ɗakinsa kafin ka sani. Wata safiya da hantsi yana zaune a kan buzunsa, ya gama shan koko, ya ɗaga moɗa ya sha ruwa ya rage, sai aka yi sallama a ƙofar gida. Yaya tana madafa. Ta ji sallamar, ta ji ya amsa. Ya ajiye moɗar, ya leƙo ya ce mata, "Ina zuwa." Ya fita. Shi ke nan fa.

Ba inda ba a duba ba. Asibitoci, wurin 'yan sanda, rijiyoyi, gonaki, har cikin duwatsun Rano an shiga. An je Zurgu wurin dangin mahaifiyarsa, an yi cigiya a rediyo. Ba wanda ya taɓa bugo waya ya ce yana hannunsa. Wasu suka ce kurciya aka yi masa, wasu suka ce abin da ya fi haka. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne dattawan da ke zaune a gindin bishiyar da ke kallon ƙofar gidan. Sun rantse tun gari ya waye suna wurin, ba su ga mai sallama ba, ba su kuma ga fitarsa ba.

Kowa ya san in mota ta faɗi da mutum ya fito lafiya, cewa ake yi da sauran shan ruwansa. Magana ce dai ta fatar baki. To, Yaya ta ɗauki maganar nan ta zuba a moɗa. Ta ce ga ruwansa nan bai shanye ba, don haka yana raye, kuma muddin da ruwa a moɗar nan ba mai sa ta zaman takaba. Ta rufe ɗakin yadda ya bar shi. Kullum da safe sai ta shiga ta duba, ta tarar ruwan ya ɗan sauka, ta ƙara ya koma daidai zoben da ya kwanta a cikin moɗar tun ranar farko. Na sha yi mata tsiya a kan haka.

"Yaya, zafi ne. Iska ce ke shanye shi."

"To wa ya gaya miki ba ita ke kai masa ba?"

Haka muka yi shekara da shekaru. Wa'adin da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓace ya daɗe da cika. Dangi sun yi magana har sun gaji, a je wurin alƙali a yanke hukunci ta huta, ta ce ita ba ta ce ta gaji ba. 'Ya'yanta suka girma suka watse neman abinci. Ta rage daga ita sai moɗa, sai ƙanin mijinta da iyalinsa a ɗaya sashen gidan.

Rannan muna hutu, bazara ta yi nisa, zafi kamar mutum ya shige randa, sai ga wayarta. Ko doguwar gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Auta, ki zo da takardunki da fensiranki."

"Lafiya, Yaya?"

"Za su rushe ɗakin."

Washegari da sassafe na hau mota zuwa Kibiya, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Kahu. Ƙanin mijinta na fara tararwa a ƙofar gida. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya zagaya da ni bayan ɗakin ya nuna mini: ginin ƙasa ne, ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da hannuna zai shige. Ya ce, "Malama, ruwan farko in ya sauka da ƙarfi, ɗakin nan ba zai kai ba. Kuma ita kullum tana ciki. Mun rasa ɗaya, kada mu rasa biyu." Ya riga ya yi magana da magina. Ita kuma ta yarda, amma da sharaɗi guda: ba mai taɓa ko tsinke sai na zo na zana.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta rame, ta yi furfura a gefen kallabi. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, ba sai a kwashe kayan a mayar sabon ɗaki a jera yadda suke ba?"

Ta girgiza kai. "In aka ɗaga, an ɗaga. Ko an mayar, ni na ajiye, ba shi ba. Amma in kika zana, ai yana nan yadda ya bari." Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake. "Kuma ni ma tsufa nake yi, Auta. Ranar da na kwanta ciwo, wa zai ƙara masa? Ruwan takarda kuwa ba ya ƙafewa."

Nan take na tuna wani darasi. A kwaleji an nuna mana hotunan kaburburan mutanen Masar na zamanin Fir'auna. A jikin bango sun zana gurasa da tuluna da 'ya'yan itace, wai don mamacin ya riƙa samun ci da sha wanda ba ya ƙarewa. Malaminmu ya ce kusan daga nan fannin namu ya faro. Wato tun asali matattu aka fara zana wa abin sha. Na buɗe baki zan faɗa mata, na mayar na rufe. Sai na ce bari in ɗauka mata da waya, a wanke a sa a firam, ya fi sauri kuma ya fi kama.

"A'a. Hoton waya da inuwarsa yake fitowa."

"To, sai me?"

Ta dube ni kamar na zagi wani babba. "Ke ma kada ki sa mini inuwa a ciki. Ko ɗis. Da kunnena na ji Baba yana faɗa wa ɗalibai a zaure, ranar da na kai masa fura: hoto mai inuwa haramun ne, ba saɓani."

"Haba Yaya! Ba wannan inuwar ba! Mutum-mutumi yake nufi, abin da aka sassaƙa ko aka gina, wanda in an tsayar da shi a rana zai yi inuwa a ƙasa. Kuma siffar mai rai. Ina ruwan buta? Ni tawa baƙi-baƙi ne kawai nake shafawa da fensir don abu ya fito."

"Me kike kiran baƙi-baƙin?"

Na kau da kai ina gyara jakata.

"Ke nake tambaya."

"Inuwa."

"To kin gani."

Wallahi raina ya ɓaci. Na yi bayani da Hausa, na jawo ɗan Larabcin da na tsinta a zauren Baba, na ce a kira limamin garin a tambaye shi. Ta ce limamin da aka haifa a gabanta? Ita abin da ta ji daga bakin mahaifinta shi ta riƙe, kuma ba za ta rataye haram a ɗaki ba ta ce a cikinsa take ajiye wa bawan Allah ruwansa. Na ce a zuciyata, Baba, Allah ya jiƙanka, ka ga abin da karatun zaure ya jawo mini. Da na ga ba ci gaba, sai na gaya mata gaskiyar sana'ata, don kada gobe a ce ban faɗa ba.

"Yaya, ki saurare ni. Buta tana da siffa, carbi yana da siffa, zan iya fitar da su da layi kawai. Ruwa ba shi da launi, ba shi da siffa. Da duhu da ƙyalli ake gane shi a takarda. In kika hana ni inuwa, ban san yadda zai fito ba."

"Ke dai ki zana shi yadda yake. Ba ke ce malamar ba?"

Ta tashi ta kunce makulli daga bakin zanenta ta buɗe ɗakin. Rabona da shiga tun shekarar da abin ya faru. Sanyi ne ya fara dukana, a tsakiyar wannan zafi, sai warin ƙasa da na tsohuwar fata. Haske na shigowa ta ƙofa, wani siriri kuma ta tsagar bango. Buzun na shimfiɗe a tsakiya, gashinsa ya kwanta. Daga dama buta, da moɗar silba a kusa da ita. Daga hagu ƙaramar rediyo, eriyarta a miƙe, da carbi a naɗe a kanta. A gaba kwanon koko da ludayi a kife. Ga asuwaki, ga ɓarin goro da ya bushe ya yi baƙi ƙirin, shatin haƙori na nan a jikinsa. Ba ƙura ko kaɗan. Ta ce da gashin kaza take share su ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ɗagawa ba.

Na nemi wuri zan zauna a bakin ƙofa, inda haske ya fi. Ta ce, "Matsa gefe. Ba ya son a tare masa ƙofa." Na matsa. Ta fita ta bar ni.

Na ɗora takarda a kan allo, na feƙe fensir, na fara. Da farko aikin ya ɗauke mini hankali, har ina gunaguni ni kaɗai. Zane ba inuwa wahala ne. Hannu ya saba, da ka gama gindin buta sai ya tafi da kansa zai shafa duhu a ƙarƙashi, sai na fizgo shi. Ita inuwa ita ke zaunar da abu a ƙasa. In babu ita, komai sai ya zama kamar yana shawagi, buta ba ta taɓa ƙasa, kwano ba shi da nauyi. Na dubi abin da na yi na ce tir, da ɗalibata ce ta kawo mini wannan da na mayar mata.

Can na lura da shirun. Ana jin kaji a waje, ana jin daka daga maƙwabta, amma kamar daga wani gari. Sai na tuna masu zanen ƙasar Holan na dā, waɗanda suka ƙware a wannan fanni har ba a kama ƙafarsu. Sukan jera inabi da gurasa da kofi mai ƙyalli, komai gwanin sha'awa, sannan su ɗora ƙuda guda a gefe, ko ganye mai tsutsa, ko kyandir da aka hure. Wani ma ƙoƙon kan mutum zai ajiye a tsakiyar kayan daɗin. Wa'azi ne suke yi da fenti: duk abin nan da kake gani mai ƙarewa ne, kai ma haka. Na waiga ina neman ƙuda a ɗakin nan. A Kahu, a bazara, ƙofa a buɗe, ga ruwa a ajiye. Ko ɗaya babu.

Na ce da kaina, ke, bar shirme, yi aikinki.

Akwai wata dabara da ake koya mana: in abu ya ƙi zanuwa, ka daina kallonsa, ka kalli filin da ke tsakaninsa da na kusa da shi. In ka auna filin daidai, kayan za su zauna da kansu. Ita na koma yi. Na auna tsakanin buta da moɗa, tsakanin moɗa da bakin buzu, tsakanin buzu da rediyo, tsakanin kwano da goro. Da na gama na miƙa hannu na nisantar da takardar don in ga ko sun daidaita.

Innalillahi. Sun daidaita.

Duk kayan nan ba jera su aka yi ba. Mutum ne ya ajiye kowanne a inda hannunsa ya kai daga zaune. Moɗa tana daidai tsawon hannun dama, rediyo daidai na hagu, kwano a gaban gwiwa, goro a inda yatsu suka sake shi. Da na zana su ba duhu ba komai, sai farin filin da ya rage a tsakiya ya fito sarai: ga faɗin gwiwoyi, ga inda kafaɗa za ta kai, ga ɗan karkatar da yake yi wajen rediyo in yana jin labarai. Ban ja layi ko ɗaya na jikinsa ba, amma ga mijin Yaya zaune a takardata. Ni da na yi shekaru ina tsaye a kan marar rai. Na ɗago kai na dubi buzun, ba kowa. Na mayar kan takarda, yana nan. Fensir ya suɓuce mini ya faɗi, kuma na kasa sunkuyawa in ɗauka, don sai na miƙa hannu ta gaban buzun.

Kiran sallar azahar ne ya cece ni. Na kife allon, na fito, na jawo ƙofa na sa sakata da hannuna. Muka yi salla, ta kawo mini ɗanwake, na ci kaɗan. Ta dube ni ta ce na yi wani iri. Na ce zafi ne. Ta yi ɗan murmushi.

Abu guda ya rage mini, cikin moɗa. Na bar shi ƙarshe da gangan, don na san nan ne rigimar. Da na koma na zare sakata, na durƙusa daga nesa na leƙa. Da safe na ga ruwan da idona, yana daidai zoben. Yanzu ya sauka, kusan faɗin yatsa, bakin moɗar ta gefen buzu kuma da danshi. Na duba ƙasa ko yoyo take, ƙasa a bushe. Na duba ko ƙadangare ya shigo ta tsagar, ko kyanwa. Ni dai ban ga komai ba. Na san zafi na shan ruwa, ni na sha faɗa. Amma daga hantsi zuwa azahar, a ɗaki mai sanyi? Na ƙwala mata kira da muryar da ni kaina ban gane ba.

Ta zo ta leƙa, ko a jikinta. "Ai da azahar ya fi sha. Ki zana a daidai zoben, gobe da safe zan cika." Ta koma.

Ban taɓa son barin wuri kamar yadda na so barin ɗakin nan ba. Amma Yaya ce, ita ta goye ni, kuma tun da nake ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Na ɗauki wani fensir daga jaka, na bar wancan a inda ya faɗi. Na zana bakin moɗar, na zana cikinta, na ja layi guda zagaye a inda ruwa ya kamata ya tsaya. Na tsaya ina kallo. Abin da ake bukata kaɗan ne: ɗan duhu a ƙarƙashin layin, da ɗan fari a bari a gefe guda, shi ke nan ruwa ya kawo. Hannuna har ya tafi. Na tuna fuskarta sa'ad da ta ce ko ɗis, na janye. Na gwada ƙara wa layin kauri, na gwada ninka shi, na goge, na sake. Iya abin da layi zai iya ke nan.

La'asar ta yi, gabas ta fara haɗa baƙi. Ina jin ƙanin mijinta a waje yana cewa yara su kwashe shanya. Na fito da zanen tsakar gida, na miƙa mata. Ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta zauna a kan turmi.

Ta daɗe tana kallo. Ta bi buta da yatsa ba tare da ta taɓa ba. Ta ce, "Har lotsawar gindinta kin sa." Ta ga rediyo, ta ga goro, ta gyaɗa kai. Ina jira ta ga abin da na gani a tsakiya, ban sani ba ko ta gani, ba ta ce ba. Sai idonta ya sauka kan moɗa, ya tsaya.

Na matso na leƙa ta kafaɗarta. A hasken waje abin ya fi muni. Layin da na ja bai yi kama da ruwa ba ko kusa. Zobe ne kawai, irin wanda ke saura a cikin moɗa bayan ruwa ya tafi. Daga shi har ƙasa fari fat. Moɗa ce busasshiya.

Ta ce, a hankali, "Ya shanye."

"A'a, Yaya! Wallahi ba haka ba ne! Ai na gaya miki tun da safe. Inuwa ce babu. Ruwan na nan, tashi ki leƙa ɗakin ki gani."

Ba ta ɗago ba. "Yadda yake na ce ki zana."

"To ai ba haka yake ba! Kawo, kawo nan. Shafa ɗaya zan yi, ɗaya tak, ki ga ruwa ya cika ta. Ba haramun ba ne, na rantse miki, in ma haramun ne a rubuta a kaina."

Na zaro fensir na kai hannu. Ta kama wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina ce mata ruwa ne kawai, ga ni ina kuka ina roƙonta ta bar ni in ƙara masa.

Ta ce, "Bari, Auta. Ke ma so kike ki fara ƙara masa?" Ta saki hannuna. "Kullum in na shiga, ruwan da na zuba jiya nake tararwa. Nasa ya daɗe da tafiya, na sani. Ban dai taɓa ganin moɗar ba ruwa ba, don ban taɓa bari ba. Yau na gani."

Iska ta taso ta kaɗa takardar, ta danne ta a cinya. Can ta tashi ta shiga ɗakin. Ina tsaye ina kallo ta ƙofa, ta durƙusa a gaban buzu, ta sa hannu biyu ta ɗaga moɗar daga inda ya ajiye ta. Gindinta ya bar shati a ƙasa. Ta fito da ita a hankali don kada ta zube, ta miƙo mini.

"Ki zubar mini. Ni ba zan iya ba."

Na karɓa. Silbar da sanyi kamar an ciro ta daga randa. Ruwan bai fi kurɓa uku ba, amma na rasa inda zan kai shi. Ba na iya watsa shi a tsakar gida a taka, ba na iya zuba shi a makwarara. Na yi ta juyawa da moɗa a hannu kamar wawiya. Daga ƙarshe na je gindin zogalen da ke bayan madafa, na tsuguna, na yi bisimilla, na tsiyaye. Ƙasar ta shanye nan take.

Sai na ji muryarta daga cikin ɗakin, ashe ta koma. Salati ta fara, sau ɗaya, sau biyu, sannan kukan ya ɓalle. Tun da ya ɓace ba wanda ya taɓa jin kukan Yaya. Wannan kuwa irin wanda ba a tambayar ma'anarsa ne, duk wanda ya ji ya san an yi rashi. Matar ƙanin mijinta ta fito da gudu ba kallabi. Daka ta tsaya a maƙwabta. Kafin in miƙe, matan unguwa sun fara shigowa, suna yafa mayafi a hanya, suna salati tun daga zaure.

Wata tsohuwa, maƙwabciyarsu, ta tarar da ni tsaye da moɗa a hannu. Ta kama kafaɗata tana haki.

"'Yar nan, labari ne ya zo? Allahu akbar. Yaushe ya rasu?"

Na dubi ƙofar ɗakin, na dube ta.

Na ce, "Yanzun nan."